Zagayen Bakin Tafki: Tarihin Gaya da Ajingi da Ƙafa Ake Karanta Shi

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu ce wani abu a kan tarihin ƙasarmu, muna kuwa godiya da wannan karamci. Tun da fari muna so mu bayyana cewa tarihin Gaya da Ajingi kashi biyu ne. Akwai wanda aka rubuta a takarda, wanda bai taka kara ya karya ba wajen yawa, mai karatu zai iya gama shi tsakanin azahar da la'asar. Akwai kuma wanda yake shimfiɗe a ƙasa, a kufai da gindin ganuwa da tsofaffin karofi da bakin tafki, da kuma a bakin dattawan da suke zaune kusa da waɗannan wurare. Wannan kashi na biyu shi ya fi yawa, kuma shi ne yake ɓacewa a gaban idonmu shekara bayan shekara. Ba a karanta shi daga cikin mota, sai an sauka an taka ƙasa.

Mun san yadda zuwa gida ya koma ga yawancinmu mazauna birni. Ranar Sallah ce, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyya. Mota ta tsaya a ƙofar gida, a gaisa, a ci tuwo, a yi sallama kafin magariba don kada dare ya yi a hanyar Wudil. Ta haka 'ya'yanmu suka san zauren kakansu, amma ba su san tafkin da ya shayar da kakan ba, ba su san fadamar da aka sayar da albasarta aka saya wa ubansu littafi da tawada ba. Saboda haka a wannan jawabi za mu fara duba kogin da ya haifi tafkunanmu, sa'an nan mu waiwayi abin da takarda ta ce game da mu, daga nan mu zagaya ƙauyen bakin tafki tare, mu rufe da wasu 'yan shawarwari.

Kogin da ya haifi tafkunan

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa ne kafin a iso Wudil. Daga nan ruwan ya zama ɗaya, mu mu ce Kogin Wudil, masu taswira su ce Kogin Haɗeja. Ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil, ya karkata arewa maso gabas, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja. Can gaba wajen Gashuwa yake haɗuwa da ruwan Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Chadi. Ke nan yaron da ya jefa kara a ruwa a ƙasar Ajingi, a kan hanyar Barno ya ɗora shi. Ban da wannan babban kogi, muna da Dudurun Gaya da ƙananan ƙoramu masu gudu da damina.

Kogin da yake tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi ba ya miƙewa sak, lanƙwasa yake yi kamar maciji. Yana cin gaɓa ta wajen lanƙwasar, yana zuba yashi ta cikinta, har wata shekara ruwa ya yi ƙarfi ya yanke ya bi gajeriyar hanya. Tsohuwar lanƙwasar da ya bari, bakinta ya toshe da yashi, sai ta zama tafki mai siffar jinjirin wata. Wasu tafkunan kuwa kwari ne kawai da ambaliya take cikawa da damina, ruwan ya kwanta har cikin rani. Wannan bayani yana da amfani ga mai neman tarihi, domin duk inda aka ga irin wannan tafki, a san kogi ya taɓa bi ta wurin. Mashigin da fatake suka riƙa ƙetarewa shekara ɗari biyu da suka wuce, yau yana iya zama gonar tumatir, garin da yake bakin ruwa a da kuma yau ya zama sai an yi tafiya kafin a ga ruwa.

Abin da takarda ta ce

Sanannen labari ne a ƙasar Kano cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma Abagayawa na cikin birni suna danganta asalinsu gare shi. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun sami alamun narkar da tama a Dala da suka kai ƙarni na 7 na Miladiyya, wato fiye da shekara 300 kafin zuwan Bagauda a 999. Ko me mutum zai ce game da labarin maƙerin, abu ɗaya a fili yake: Kanawa da kansu sun ajiye sunan Gaya a tushen garinsu, kuma sun haɗa shi da ƙarfe.

Littafin Tarihin Sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya ambaci Gaya a wurare masu muhimmanci. A zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, 1452 zuwa 1463, ya kawo labarin zuwan Agalfati, ya danganta sarautar Gaya da gidan Sarkin Machina, garin da yake Jihar Yobe a yau, ya kuma haɗa ta 'yan'uwantaka da sarautar Haɗeja. A wannan zamanin ne littafin ya ce Barebari suka zo da yawa, gishiri ya wadata. Mu da muke gabas da birni, ta ƙofar gidanmu wannan zirga-zirga ta riƙa wucewa.

A zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji ba, har Sarkin Kano ya yi dabara ya jawo shi ya kashe shi. Amma dubi yadda al'amari yake juyawa: 'yar Farin Dutse, Mariyama, ita ce mahaifiyar Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka sami faɗa a ji a fadar Kano. A zamanin nasa ne kuma aka ce wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa a matsayin kuɗi.

Bayan jihadi ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali a 1807, ƙasar gabas ta ci gaba da zama ƙasar da ba a raina ta. A Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, Yusufawa sun kafa sansani a Takai, maƙwabciyarmu ta kudu, an gwabza a Gaya, Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi tuta ya shiga birni a 1894. Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Aka yi Jihar Kano a 1967, aka yanke Jigawa a 1991, muka wayi gari muna bakin iyakar jiha. Aka yanke Ajingi daga tsohuwar ƙasar Gaya ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, Ajingi fiye da 170,000. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta, dokar 2024 kuma ta sake tsara ta a kan ƙananan hukumomi uku, Gaya da Ajingi da Albasu.

To, jama'a, wannan shi ne kusan abin da takarda ta riƙe mana, kuma duk labarin sarakuna ne da yaƙi da doka. Ba ta faɗi wanda ya fara sare dajin ƙauyenku ba. Ba ta faɗi inda mutanen garinku suka gudu ranar da Yusufawa suka iso ba, ko abin da suka ci a yunwar 1914, wadda a wasu wurare ake kira Kakalaba. Amsar waɗannan tana can a ƙasa, sai mu tashi mu je.

Mu zagaya tare

Mu ɗauki kowane ƙauye daga cikin ƙauyukanmu na bakin tafki, domin fasalinsu kusan ɗaya ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, cikin hunturu, sa'ad da ruwa ya ja, laka ta bushe, aka kwashe amfanin gona, ido yana iya hangen nesa. A tashi bayan sallar asuba, da takalmi mai rufe ƙafa da gorar ruwa da ɗan littafin rubutu. Tafiyar awa uku ta isa. Kafin a ɗaga ƙafa kuwa, a fara da ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mu, a nemi ya haɗa mu da dattijon da zai ja gaba. Baƙo ko idonsa ya kai kwano, ɗan gari ne yake nuna masa hanya, mu kuwa da muka daɗe a birni mun zama baƙi a wannan fage.

Tambaya ta farko ita ce sunan garin. Dubi sunayen mazaɓunmu kawai: Wudilawa, Kazurawa, Maimakawa, Kunkurawa, Dabin Kanawa. Duk sunan da ya ƙare da "awa" tambaya yake yi: mutanen wa, ko mutanen ina? Garin da sunansa ya fara da "Kafin" yana gaya mana cewa an taɓa kewaye shi da kafi na itace saboda tsoron mahara. Wanda ya fara da "Unguwar" ko "Gidan" yana riƙe da sunan wanda ya fara kafa bukka. "Sabon Gari" kuwa yana nuna akwai tsohon gari, sai a tambaya ina yake, me ya tashe shi.

Daga nan mu fita bayan gari. Wani dogon tudu da ya kewaya kamar kunya, wanda yara suke hawa suna gangarowa, sau da yawa ragowar ganuwa ce, kwarin da yake gefensa kuma nan aka haƙi ƙasar ginin. A auna shi da taku, a nemi inda ƙofofi suke, a tambayi sunan kowace ƙofa, domin sunan ƙofa yakan faɗi garin da hanyar take zuwa. Wanda ya ga faɗin ganuwa ya san yawan hannun da aka tara, ya kuma san irin tsoron da ya sa manoma suka bar gona suka yi wannan aikin gayya.

Gaba kaɗan, a tsakiyar gonaki, za mu iske kukoki biyar ko shida sun taru wuri ɗaya, ba gida ko ɗaya kusa da su. Kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba, mutane ne suka ci 'ya'yanta suka zubar da ƙwallon, suka bar ta ta girma saboda miya da igiya. A duba ƙasan wurin, za a ga fasassun tukwane da dutsen niƙa da toka. Wannan shi ne kufai. A nan ake zama a ba dattijo dama ya yi magana. Wani kufan yaƙi ne ya tashe shi, wani annoba, wani rijiya ce ta ƙafe, wani kuwa kogi ne ya ci rabinsa cikin dare ɗaya, sauran suka koma kan tudu.

Idan an yi sa'a, za a ci karo da wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi, masu huji-huji kamar saƙar zuma. Wannan kashin maƙera ne, abin da ya rage bayan an narka tama an fitar da ƙarfe. Narka tama tana cin gawayi mai yawa, maƙera kuwa gawayin ƙirya suka fi so saboda ƙarfin wutarsa. Saboda haka tulin kashin maƙera shaida biyu yake bayarwa: an yi ƙira a wurin, kuma an yi daji mai kauri a inda yau ba a ganin komai sai gawo da darbejiya. Ga ɗan ƙasar Gaya, wanda ake danganta kafuwar Kano da maƙerin garinsu, wannan baƙin dutse ba abin takawa a wuce ba ne.

Kusa da ruwa kuma za a iya samun ramuka zagayayyu jere da juna, sun cike da ƙasa, bakinsu da sauran daɓe. Karofi ne. Inda aka yi marina, an noma baba, an noma auduga, mata sun yi kaɗi, masaƙa sun yi saƙa, fatake sun zo saye. Ramuka goma a ƙauyen da yau ba shi da marini ko ɗaya, sun isa su nuna wa yaro cewa kakanninsa ba gero kaɗai suka sani ba, masu sana'a ne da kayansu yake zuwa kasuwannin nesa.

Yanzu mun iso bakin tafki, rana ta fara ɗagawa. A tsaya a yi shiru tukuna. Ga bado ya shimfiɗa ganye a kan ruwa, ga belbela tana bin shanu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya suna tashi garke guda suna fito. Daga cikin ƙananan tsuntsayen da suke kiwo a gaɓa a wannan lokaci, akwai waɗanda daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara sun gudo wa sanyi, za su koma idan bazara ta gabato. Bado da muke gani abin sha'awa, shi ne abincin da ya riƙe rayuka a shekarun yunwa, ana cin 'ya'yansa da saiwarsa. A tambayi tsofaffi mata game da farin 1973, za a ji abin da babu shi a kowane littafi.

A nan ne za mu nemi Sarkin Ruwa ko wani tsohon masunci. Shi zai gaya mana kifin da ake kamawa a da da wanda ya rage yanzu: tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi da ragon ruwa da minjirya, da gaiwa wadda take shiga laka ta kwanta idan ruwa ya ƙafe, ta jira damina. Zai nuna mana koma da gora da birgi da mamari. Abin da ya fi muhimmanci, zai bayyana mana dokar ruwa: yadda ake hana kamun kifi a tafki har sai ya girma, yadda ake sa ranar su a sanar da ƙauyuka, yadda ake fitar da rabon masu sarauta da na marasa ƙarfi. Wannan tsari ne na tattalin dukiya da iyayenmu suka gina ba da takarda ba. Kada mu raina shi. Su irin wannan ne aka mayar biki a Argungu a 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya take alfahari da su a 2016.

Daga tafki sai fadama. A lura da layin jema da aka dasa tsakanin gona da gona, domin ita ce shaidar iyaka tun kafin zuwan safiyo. A nemi gurbin jigo, wanda da shi aka yi ban-ruwa kafin injin fetur ya kore shi. A ƙarshe mu biyo burtali mu dawo gari. A auna faɗinsa da taku, a tambayi dattijon manomi da dattijon makiyayi, kowa daban, yadda faɗinsa yake a zamanin ƙuruciyarsu, da inda mashayar shanu take. A rubuta amsar kowa kamar yadda ya faɗe ta.

Abin da ya canja

Mu da muka haura sittin mun ga kogi biyu a gurbi ɗaya. Na ƙuruciyarmu yakan cika ya batse da damina, ya malale fadamu, ya zuba musu sabuwar laka, da rani kuma ya koma yashi, ana ƙetare shi da ƙafa, ana tona yashin a ɗebi ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Tun daga nan ruwa ya koma gudu rani da damina.

Alherin wannan a fili yake, noman rani ya bunƙasa, matasa da yawa da a da sai cin rani sun sami abin yi a gida. Amma zamani riga ne, kowace da irin ɗinkinta. Ambaliyar shekara-shekara da take cika tafkuna ta kawo musu kifi ta ragu. Ruwan da ba ya ƙafewa ya ba ciyawar kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Abin ya fi tsanani a ƙasar Haɗeja da Nguru, amma ko a nan mai zagayawa zai gan ta. Sa'an nan da mutane suka ga ruwa ya daina zuwa inda ya saba, sai aka yi gini da noma a hanyarsa. Shekarar da ya dawo da ƙarfi, kamar 2001 da 2022, garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Dattijon da ya san inda ruwa ya tsaya a babbar ambaliyar zamaninsa, ya san inda bai kamata a kafa tubali ba. Idan ya rasu ba a tambaye shi ba, sai ruwa ya zo ya koya mana da kansa.

Wannan shi ya sa muka ce maganar ba ta yawon buɗe ido ba ce kawai. Rigimar iyakar gona, da ta burtali, da ta wanda yake da ikon tafki, duk da shaidar tsofaffi ake kashe su. Ana haƙe ganuwa ana buga bulo, ana sare kukar kufai, garmar tarakta tana baje karofi. Yaron da aka haifa a Abuja, wanda bai san iyakar gonar gidansu ba, ranar da aka kira shi rabon gado ko shaida, me zai ce? Hausawa sun gama magana da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shawarwari

A kwalejin horar da malamai an koya mana cewa darasin labarin ƙasa daga ƙofar aji yake farawa: yaro ya zana ajinsu, ya zana makarantarsu, ya zana garinsu, kafin a nuna masa taswirar duniya. Shekarun da muka yi riƙe da alli sun tabbatar mana da gaskiyar haka. A kan wannan muke ba ƙungiya shawarwari guda biyar.

Na farko, a ware rana ɗaya cikin hutun makarantu na watan Disamba don zagayen ƙafa, kowace shekara a zaɓi ƙauye ɗaya, bana a ƙasar Ajingi, baɗi a ƙasar Gaya. Kowane memba ya zo da 'ya'yansa maza da mata, a haɗa su da ɗaliban firamaren ƙauyen su yi tafiyar tare.

Na biyu, a naɗi maganar dattawa. Wayar da take aljihun kowannenmu ta isa. A nemi izininsu, a rubuta suna da rana da wuri, a kuma ji daga baki fiye da ɗaya, domin kowane gida yana ba da labari ta inda ya fi masa daɗi. Kada a manta da tsofaffi mata, su suka fi riƙe salsalar aure da dangantaka, kuma 'yan'uwanmu mata ne za su iya shiga su same su.

Na uku, ɗalibai su zana taswirar ƙauyen da hannunsu, su sa tafki da kufai da ganuwa da burtali da mashaya da sunayensu. A ajiye kwafi a makarantar, a ba dagaci, a kai wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da take Gidan Ɗan Hausa, a kuma buga a wannan mujalla. A Ingila, wata doka ta 1949 ta wajabta wa hukumomi su sa turbobin ƙafa na jama'a a taswira, shi ya sa har yau mai gona ba ya iya toshe su yadda ya ga dama. Hanyar da aka rubuta, aka kuma ci gaba da takawa, da wuya ta mutu.

Na huɗu, ƙungiya ta roƙi masarauta da ƙananan hukumominmu su hana haƙar ƙasa a ragowar ganuwa da sare itatuwan kufai, mu kuma mu dasa kuka da tsamiya da ƙirya a duk inda muka zagaya.

Na biyar, a kiyaye ladabin tafiya. Ba a ɗauke komai daga kufai, ko da guntun kasko ne, hoto ya isa. Ba a ratsa shuka. Kada a bar yara su shiga ruwan kwance, domin ko da yake an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, tsargiya tana nan, kuma a irin wannan ruwa ake ɗaukarta. Dattijon da ya bar aikinsa ya ja mu gaba, a sallame shi da abin kirki, kada a bar shi da "an gode" kawai.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, wannan ƙungiya ta yi ayyukan da suka ci kuɗi masu yawa, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Aikin da muka kawo yau ba ya bukatar siminti ko ɗan kwangila, takalmi yake bukata da kunne da safiya ɗaya a shekara. Amma yana da wa'adi, domin waɗanda suka ga kogin nan kafin Tiga da wayonsu, mafi ƙanƙantarsu ya ba sittin baya, waɗanda kuwa suka ji labarin Basasa daga bakin kakannin da suka gan ta, 'yan kaɗan ne suka rage. Muna roƙon kwamiti ya sa ranar zagayen farko kafin a tashi daga wannan taro, mu kuma in Allah Ya ba mu rai da lafiya, da sandarmu za a fita.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Sarki lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.